Yadda za ka tsare wayarka daga ɓarayi tun tana hannunka

Ranar da aka ƙwace min waya ina zaune ne a bakin taga cikin motar haya, cunkoso ya tsayar da mu, gilashi a sauke saboda zafi. Wani saƙo nake karantawa. Hannu kawai na gani ya shigo ya fita. Kafin in ce "kai!" har yaron ya ratsa tsakanin motoci ya haye bayan babur ɗin da ke jiransa. Mutumin da ke kusa da ni ya ce, "Sai haƙuri, Malam," ya miƙo min tasa wayar. Na kira, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na sake kira. Haka na ɓata kusan awa guda ina kira ina tura saƙon magiya, wai a taimaka a dawo min da layina ko da za a riƙe wayar.

Wannan awar ta fi fizgen kansa cutar da ni. Wayar a buɗe take lokacin da ta bar hannuna, kuma ni da kaina na saita allonta sai ya yi minti 5 ba a taɓa shi ba kafin ya mutu, don ina jin haushin yawan buɗewa. Layina ba shi da PIN. Kafin dare an bi mutanen da na fi hira da su a WhatsApp ɗaya bayan ɗaya an ce ina kwance a asibiti ina neman taimako. Ƙanwar mahaifiyata ta tura kuɗi, Allah sarki, ko kira ba ta yi ba, don an ce mata ba na iya magana. Kuɗin wayar tuni na manta da shi. Kunyar baiwar Allahn nan kuwa har yau ban gama jin ta ba.

Daga nan na gane ɓarayin waya iri biyu ne. Akwai mai son ƙarfen, ya sayar ko a farke ta a sayar da allo da batir. Akwai kuma mai son abin da ke ciki: layinka, asusunka, sunanka da mutane suka yarda da shi. Na farko asararsa tana da iyaka. Na biyu shi ne abin tsoro, kuma kusan duk abin da ke hana shi, aiki ne na zama ɗaya, kamar rabin awa, da za ka yi yau wayar tana hannunka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Layi tukuna

Kowa da makullin allo yake fara wannan magana. Ni da layi nake farawa, domin shi ne ƙofar da aka fi bari a buɗe. Wayarka tana iya samun zanen yatsa da gane fuska da doguwar lambar sirri, ɓarawo ko kallonsu ba zai yi ba. Tsinke zai samu ya zaro sim ɗin, ya zura a wata 'yar ƙaramar waya mai madannai, shi ke nan ya zama kai. Duk lambar tabbatarwar da banki zai turo, wurinsa za ta sauka. Imel, Facebook, WhatsApp, duk abin da ka ɗaura a kan lambar nan, "na manta kalmar sirri" kawai zai danna ya zauna jira. Inda kuma bankuna ke bari a tura kuɗi ta hanyar danna lambobi masu tauraro ba tare da intanet ba, layin shi ne rabin makullin asusun gaba ɗaya.

Maganin wannan tsohon abu ne da ke cikin kowace waya tun zamanin masu madannai: PIN na sim. Lamba ce daga 4 zuwa 8 da ke zaune a kan sim ɗin kansa. Duk lokacin da aka kashe waya aka kunna, ko aka sa sim ɗin a wata wayar, sai an shigar da ita kafin layin ya kama. A Android ka shiga saiti, ka rubuta SIM a wurin bincike, za ka ga makullin sim a ƙarƙashin sashen tsaro. A iPhone yana cikin sashen layin waya, da sunan SIM PIN.

Sai dai a yi hattara, don nan mutane ke kulle kansu. In ka zo kunna shi, wayar za ta nemi PIN na asali da kamfanin layin ya saka. Kada ka yi ta lalube. In ka yi kuskure sau 3 sim ɗin zai rufe, sai da wata lamba mai suna PUK, mai lambobi 8. In ka yi kuskuren PUK sau 10 kuwa, sim ɗin ya mutu ke nan, sai an yi maka sabo. Saboda haka ka fara nemo PUK ɗinka. Yawanci yana rubuce a jikin babban katin da ka ɓalle sim ɗin daga ciki. In ka yar da katin, kamar yadda yawancinmu muka yi, kamfanin layinka zai ba ka, ka tambaye su PIN na asalin a lokaci guda. Bayan ka kunna, ka canja shi nan take zuwa lambar da kai kaɗai ka sani.

Na ji masu cewa takura ce. To, sau nawa kake kashe wayarka a wata?

In wayarka da kamfanin layinka suna karɓar eSIM, wato layin da ke cikin wayar ba kati ba, ya fi ma, tunda babu abin zarowa.

Akwai ragowar kafa guda. Muddin sim yana cikin wayar kuma ba a kashe ta ba, PIN ba zai tambayi kowa komai ba, saƙonni za su ci gaba da shigowa. In wayarka tana nuna abin da saƙo ya ƙunsa a kan allo alhali tana kulle, ɓarawo zai karanta lambar banki ba tare da ya buɗe komai ba. Ka shiga sashen sanarwa ka ce a ɓoye abin da ke cikin saƙo har sai an buɗe wayar. Minti ɗaya ne aikin.

Lambar da ke buɗe allo

Lamba 4 tana da yiwuwar haɗuwa 10,000. Lamba 6 tana da 1,000,000. Ka ɗauki 6, ko ka wuce haka in za ka iya riƙewa. Ban da shekarar haihuwarka, ban da ƙarshen lambar wayarka, ban da 123456. Kada kuma ta zama ɗaya da PIN ɗin katin bankinka ko na manhajar banki. Na san dalilin da ya sa muke maimaita lamba ɗaya ko'ina, kai ya yi wa lambobi kaɗan, amma wanda ya samu guda ya samu duka ke nan.

Zanen da ake ja da yatsa a kan ɗigo 9 ni ban yarda da shi ba. Mutane harafi suke zanawa, L ko Z ko farkon sunansu, kuma wanda ke tsaye nesa kaɗan yana iya ɗauke shi da kallo ɗaya. Maiƙon yatsa ma yakan bar sawunsa a kan gilashi. Ka karkata wayarka wajen haske ka gani da idonka.

Wannan batun kallo shi ne abin da ban taɓa kawowa a raina ba sai daga baya. A 2023 jaridar Wall Street Journal ta ba da rahoton yadda ɓarayi a Amurka ke fakon mutum har sai sun ga lambar da yake dannawa, sannan su ɗauke wayar. Da lambar nan kaɗai suke canja kalmar sirrin asusun mai wayar, su kashe hanyar nemo ta, su rufe shi a waje, hotunansa na shekaru da komai. Dabarar ba ta da ƙasa. Shi ya sa a cikin jama'a nake buɗe waya da yatsa ko da fuska kawai. In ta ƙi, dole sai lamba, nakan juya baya ko in rufe da ɗaya hannun, kamar yadda ake yi a gaban injin cire kuɗi. Wanda zai ce na cika zargi ya ce.

Sai lokacin mutuwar allo. Ka mai da shi daƙiƙa 30, ka kuma saita wayar ta kulle nan take da allon ya mutu. Ni da na bar minti 5 na ga sakamakonsa.

Manhajojin banki da imel da WhatsApp su samu nasu makullin daban. WhatsApp yana da kulle da zanen yatsa a sashen sirri. iPhone tun daga iOS 18 tana bari ka danne kowace manhaja ka ce sai da fuska za a buɗe ta. Wayoyin Samsung suna da Secure Folder, Android 15 kuma ta zo da keɓaɓɓen wuri mai makullinsa. Imel ɗin nan kada a raina shi: shi ne uwar sauran asusu, duk wanda za a sake wa kalmar sirri ta can ake bi.

Tunda ka shiga WhatsApp, kunna tabbatarwa mai mataki biyu kafin ka fita. PIN ne mai lamba 6 da za a nema duk lokacin da wani ya so ya yi rajistar lambarka a wata waya. Ka haɗa da adireshin imel don ranar mantuwa.

Abin da masu ƙera waya suka tanada ba mu kunna ba

Abu na farko shi ne hanyar nemo waya. A iPhone sunanta Find My. A Android da Find My Device ake ce mata, a 2025 Google ya sauya mata suna zuwa Find Hub. Da ita za ka ga inda wayar take a taswira, ka sa ta yi ƙara, ka kulle ta, ko ka goge komai daga nesa. Kada ka ɗauka a kunne take. Ka gwada yau: ka ari wayar wani ko ka hau kwamfuta, ka shiga android.com/find ko icloud.com/find, ka ga ko taka za ta bayyana. A nan ne mutane da yawa ke gano ba su ma san kalmar sirrin asusunsu na Google ko Apple ba, don wanda ya sayar musu da wayar ko wani ƙani ne ya buɗe musu shi shekaru da suka wuce. Gara ka gano haka yau da ka gano shi a bakin titi hannunka na rawa.

Asusun nan kuma shi ne ke rage wa wayar sata daraja. Tun 2013, da iOS 7, iPhone ba ta yarda a sake amfani da ita bayan an goge sai da asusun mai ita. Android ta kawo irin wannan a 2015. Abin ba ya aiki sai da asusu a kan wayar da makulli a allo.

A 2024 Google da Apple suka ƙaro abubuwan da, da suna nan lokacin da aka yi min, da labarin ya sauya. A Android, daga siga ta 10 zuwa sama, ka nemi Theft protection a cikin saiti. Abubuwa uku za ka tarar. Theft Detection Lock yana lura da motsin waya, in ya ji alamar an fizge ta an ruga a guje ko a kan babur, sai ya kulle allon da kansa. Offline Device Lock yana kulle ta in aka yanke mata intanet na ɗan lokaci, domin abin da ɓarawo ke fara yi ke nan. Remote Lock kuma yana ba ka damar kulle ta daga kowace waya ta android.com/lock da lambar wayarka, ba sai ka tuna kalmar sirri ba a lokacin da kanka ya ɗaure. Ka kunna duka ukun. Ba na cewa na farkon ba ya kuskure. Tawa ta taɓa kulle kanta ina gudun ruwan sama, na buɗe na ci gaba da harkata. Ƙananan wayoyi masu Android Go ba su da wannan tsarin, su sai a ƙara riƙe sauran matakan.

A iPhone, abin ya zo ne da iOS 17.3 a watan Janairun 2024, sunansa Stolen Device Protection, yana sashen Face ID da lambar sirri. In yana kunne, wanda ya san lambar buɗe allonka ma ba zai iya duba kalmomin sirrin da ka adana ba sai da fuskarka ko yatsanka, muddin wayar ba ta wuraren da ka saba zama. Canja kalmar sirrin asusu kuwa sai an jira awa 1 an sake nuna fuska. Awar nan ita ce damarka. Akwai zaɓin a ce jiran ya yi aiki ko'ina, har a gida, ni shi na ga ya fi, don ba kowane ɓarawo ne baƙo ba. A wannan sashen dai, ka kashe damar jawo Control Center, wato allon maɓallan saiti na gaggawa, alhali waya tana kulle, don kada a sa ta a yanayin jirgin sama ba tare da an buɗe ta ba. Wasu wayoyin Android ma suna da makamancin haka.

Takarda guda a gida

Danna *#06# kamar za ka yi kira. Lamba mai tsawon 15 za ta fito, ita ce IMEI, shaidar wayarka da babu wata mai irinta. Waya mai sim biyu tana da biyu. Tana kuma jikin kwalin da wayar ta zo a ciki. Ka rubuta ta da biro a takarda. Ɗaukar hotonta ka bari a cikin wayar daidai yake da kulle ɗaki ka bar makulli a ciki.

A takardar nan ka ƙara PUK, da lambar kiran kamfanin layinka, da lambar gaggawa ta bankinka, da lambobin ko-ta-kwana na asusunka. Google yana ba da guda 10, kowace mai lamba 8, kowace sau ɗaya take aiki. Amfaninsu shi ne, ranar da za ka shiga asusunka daga baƙuwar waya, za a ce an tura lamba zuwa wayarka, wayar kuwa tana aljihun wani. Ka haɗa takardar da rasit da kwalin ka adana inda ka san za ka samu. Sannan ka haddace lambobin mutum biyu na kusa da kai. Ranar da aka yi min, lambar da na iya kawowa da ka ita ce tawa, wadda ke hannun ɓarawo.

Lambobin mutane su zauna a asusunka, hotuna su riƙa hawa rumbun ajiya na intanet da kansu, hirar WhatsApp ma a riƙa adana ta. Wanda ya san kayansa suna wani wuri ba ya jinkirin goge waya, ba ya kuma bin ɓarawo a guje. Sannan ka bi cikin wayar ka share abin da bai kamata ya zauna ba: hoton katin banki gaba da baya, kalmomin sirri da ka rubuta a littafin ajiyar rubutu, PIN da ka adana cikin jerin sunaye da sunan "Banki". Katin memori, in ba a rufe shi da sirri ba, zaro shi kawai za a yi a karanta. Katin banki da katin shaida kuma a daina cusa su a bayan rigar waya.

Hannu da aljihu

Wannan ɓangaren kowa yana ganin ya sani, ni ma haka na ɗauka. Ba zan tsawaita ba, illa abin da ya sauya a ɗabi'ata.

A mota, in gilashi a sauke yake, wayata ba ta fitowa. In dole ne, ina riƙe ta da hannun da ke nesa da taga, ƙasa-ƙasa. A bakin titi ba na tafiya ina latsawa. In kira ya shigo nakan matsa jikin gini, in juya fuskata wajen hanya, in sa wayar a kunnen da ke ɓangaren bango. Masu babur ta baya suke zuwa, kuma mutumin da hankalinsa ya tafi suke zaɓa. Iyafis yana taimakawa, wayar tana aljihu kana magana, amma kada ka toshe kunnuwa biyu har ka daina jin abin da ke bayanka. 'Yar igiyar nan da ake maƙalawa a rigar waya a zura a wuyan hannu, da ina ganin ta yara ce. Yanzu tana jikin tawa.

'Yan sane kuwa turmutsutsu suke so: ƙofar shiga mota ko jirgin ƙasa, layin da ya rikice, fitowa daga taro. Sau da yawa ba mutum ɗaya ba ne, wani ya bangaje ka ya tsaya ba ka haƙuri, wani ya yi aikin. Duk lokacin da aka ture ni yanzu, hannuna aljihu yake fara zuwa kafin in ɗaga kai in ga waye. Aljihun baya da aljihun gefe mai faɗin baki ba wurin waya ba ne. Na gaba, ko na ciki mai zif. Ke mai jaka, ki sa ta a aljihun ciki, ki rufe, ki dawo da jakar gabanki in an shiga cunkoso.

Kan tebur ma wuri ne da ake yawan yin rashi. Akwai tsohuwar dabara: mutum ya zo da takarda ko taswira ya shimfiɗa a gabanka yana tambaya, in ya naɗe kayansa ya tafi, da wayar ya tafi. Sai wurin caji. Barin waya a soket ɗin ɗakin jira ka ce "bari in je in dawo" kyauta ce ka bayar. Ƙaramin batirin caji na tafiya ya raba ni da wannan.

In baƙo ya ce ka ara masa waya ya yi kira, ba sai ka yi rowa ba. Ya faɗi lambar, ka danna da kanka, ka sa a sifika, wayar tana hannunka. Mai buƙata ta gaskiya ba zai ƙi ba.

In kuwa an tare ka da makami, ka miƙa. Kada ka ja, kada ka yi gardama, kada ka bi. Duk abin da muka saita a sama mun yi shi ne don a wannan lokacin ka iya sakin wayar ba tare da zuciyarka ta ce ka tsaya ba.

In an riga an ɗauke

Kada ka yi irin tawa. Kira ɗaya ya isa, ko da faɗuwa ta yi wani mutumin kirki ya tsinta. Daga nan ka ari waya ka kulle taka daga nesa. Ka sa ta a yanayin ɓata, ka rubuta lambar wani naka a kan allon, ka duba inda taswira ta nuna, ka ɗauki hotonsa. Wannan kada ya wuce 'yan mintuna. In ka gama, ka fita daga asusunka a wayar da ka ara.

Sai ka kira kamfanin layi su rufe lambar, ka kira banki su dakatar da duk abin da ke bi ta waya. A nan akwai ja-in-ja, domin rufe layi yana yanke wa wayar data, ganin ta a taswira zai yi wuya. Wasu kan bar layin a buɗe kwana biyu suna bin ɗigo a taswira. Ni ban ga hikimar ba. Waya ko tana kulle ana iya amsa kira da ita, kuma akwai wuraren da ke karanto lambar tabbatarwa ta kiran murya. Ka duba sau ɗaya, ka kulle, ka rufe layin.

Bayan haka ka canja kalmar sirrin imel, sannan na sauran. Ka sa wani ya sanar da dangi da abokan aiki cewa duk saƙon da ya zo da sunanka ba kai ba ne. Da na yi wannan a awar farko, da kuɗin innata suna nan. Ka je a yi maka sabon sim da tsohuwar lambarka da wuri. Da zarar ka sa shi a wata waya ka shigar da lambar da WhatsApp zai turo, an fitar da na wayar satar. In aka tambaye ka PIN na mataki biyu da ba kai ka saka ba, ɓarawon ne ya riga ka, sai ka jira kwana 7, amma shi ma an riga an fitar da shi.

Ka kai rahoto wurin 'yan sanda da IMEI da rasit, ka karɓi shaidar rahoton. Ko wayar ba ta dawo ba, takardar za ta tsaya maka in aka aikata wani laifi da ita ko da layinka. Ka ba kamfanin layi IMEI ɗin, a ƙasashe da dama suna iya hana wayar kama layi. Kada dai ka ɗora buri a kai, domin ana tsallaka da wayoyin sata wata ƙasa, ana kuma farke su. In taswira ta nuna maka wani gida, ka ba hukuma. Ɗigon nan yana iya kuskure da gidaje da yawa, kuma ba ka san wa za ka tarar ba. Garin neman gira kada a rasa ido.

Gogewa daga nesa ita ce ta ƙarshe. A Android, da ka goge, ba za ka sake ganin ta a taswira ba. Duk da haka, in a buɗe aka fizge ta, ko kana zargin an ga lambarka, kada ka kwana ba ka ba da umarnin ba. Ko tana kashe, da ta samu intanet zai aiwatu.

Saƙon da ke biyo baya

Shekara guda bayan tawa aka ɗauke iPhone ɗin ƙanwata daga jaka. Ita mun riga mun zauna mun yi duk abin da na lissafa, saboda haka ba su samu komai ba, ƙarfe kawai suka riƙe. Bayan kwana huɗu sai ga saƙo a sabon layinta, cikin tsari mai kyau kamar daga kamfani, wai an gano wayarta, ta latsa nan ta shiga asusunta ta ga wurin. Ta kira ni da murna, "Yaya, an gan ta!" Na ce ta karanto min adireshin shafin harafi bayan harafi. Ba na kamfanin ba ne. Shafin bogi ne da aka yi don ta rubuta kalmar sirrinta da hannunta, su cire makullin su sayar da wayar da tsada.

Da wannan bai ci ba sai suka sauya salo. Wani ya rubuto wai shi ya saya bai san ta sata ba ce, yana ganin hotunanta da saƙonninta, don Allah ta cire wayar daga asusunta kawai ya goge mata. Daga baya ya koma barazana. Babu abin da yake gani. Da yana gani, da bai tsaya roƙo ba. Na ce kada ta amsa ko ɗaya, ta ɗauki hoton saƙonnin ta ƙara a kan rahoton da ta kai, ta toshe lambobin. In tana son duba wayar, ta rubuta icloud.com/find da hannunta a burauza, kada ta bi ta wata mahaɗa da aka turo.

Goge waya daban, cire ta daga asusu daban. Gogewa tana share kayanka ta bar makullin. Cirewa ita ke sakin makullin, kuma maɓallan biyu suna kusa da juna, sai a duba da kyau kafin a danna. Ta goge tata a daren farko. Har yau wayar tana cikin jerin na'urorinta, ba ta cire ba, kuma na ce ta bar ta a nan.